Zazzaɓin Ƙaramar Tarakta

Karo na huɗu ke nan ana kiran Injiniya kan ƙaramar taraktar nan, kuma har yau babu wanda ya yi masa godiyar da ta dace da shi.

Sunan nan shi ya raɗa wa kansa, da ya ga mutanen unguwa sun yi nauyin baki. Shekara ashirin yana gyaran injuna da farar riga, bai taɓa bari baƙin mai ya ɗiga mata ba. Ya sha faɗa cewa bakaniken da ke komawa gida baƙi ƙirin, ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza sai jikinsa ya biya.

Ciwon taraktar guda ne. Da an sa ta yankan busasshiyar ciyawar da ta cinye bayan gona, sai allurar zafi ta kama hawa, ta kai ja, lagireto ya fara huci. Mai gona, wanda bai san bambancin fanka da famfo ba, sai ya kashe inji ya ɗaga waya.

Injiniya kuwa yana da tsarinsa, wanda bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba. Zai ɗaga murfi, ya girgiza kai, ya ƙwanƙwasa nan da can da sifana, ya kwance ƙusa biyu ya mayar. Daga nan ya koma inuwa a kawo masa shayi. Inji ya huce don kansa, ya ƙara ruwa, ya tayar, tarakta ta yi aikin yini lafiya lau. A ganinsa wannan ba zamba ba ce. Jahili ne ke bukatar ya ji ƙarar sifana kafin ya yarda an yi aiki.

Abu ɗaya ke ɓata masa wannan zama: gwaggon mai gona. Tsohuwar nan ba ta iya ganin abu a tsaye ba ta share shi ba. Ta share tsakar gida, ta share ƙafar kujera, ta share keken mai kawo madara, ta je ta share fuskar tarakta kamar amarya za a kai. A zuwansa na uku ƙurarta ta sauka a cikin shayinsa da kafaɗar farar rigar. Bai manta ba, kuma bai yafe ba.

Yau mai gona ya tare shi babu fara'a. Ya ce ciyawar ta bushe ƙamas, ƙyastun ashana ɗaya wuta za ta cinye har rumbu, dole a gama yanke ta yau. Idan taraktar ta sake tafasa, zai kai ta wurin Mai Tabarau, bakaniken tsallaken titi.

Mai Tabarau! Mutumin da ke karanta littafin inji yana bin layi da yatsa kamar mai koyon baƙi! Injiniya ya ji maganar har cikin haƙoransa. Ya ce shi da kansa zai hau ya gama filin, da sharaɗi ɗaya: kada kowa ya kusanci aikinsa.

Ya yi ƙwanƙwasarsa, har da ƙarin ƙusa ta uku saboda girman ranar. Yana zama sai ga Gwaggo ta doso da tsintsiya.

"Gwaggo, a yi haƙuri," ya ce, ya tare ta da sifana. "Wannan inji ne, ba ɗakin girki ba."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta koma gindin bishiya ta zauna, tsintsiyar a cinyarta.

Ya hau kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Layin farko lafiya. Ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa suka tashi suka lulluɓe gaban taraktar. A layi na biyu allura ta motsa, ya kawar da kai. A na uku ta kwanta a ja. Bai kai ƙarshen na huɗu ba tururi ya yi tsiri ta gefen murfi, ya sauko da sauri yana kaɗa hula, farar rigar ta koma launin ƙasa.

Ya soma bayanin cewa injunan zamani ba su da tarbiyya. Mai gona dai tuni yana laluben lambar Mai Tabarau.

Gwaggo ta bari hucin ya lafa. Ta taso a hankali, ta zare ragar da ke gaban lagireto, ta buga ta da ƙasa. Ƙaiƙayi ya faɗo dunƙule guda, mai kaurin tabarma. Ta bi ramukan lagireton da bakin tsintsiya har iska ta samu hanya, ta mayar da ragar.

"Koma inuwa ka sha shayinka, ɗan nan," ta ce. "Sau uku ina gyara ta kana ƙwanƙwasa, yau ne kawai ka hana ni."