Ƙyallen Ranar Jarrabawa

Tun da ƙananan jiragen sama suka zama kamar babura, Sallau ne ke kai gwaggonsa Hansatu kasuwar Funtuwa. Kwalta yake bi daga sama, bai taɓa ɓata ba.

Yau gajimare ya haɗiye su, kwalta ta ɓace.

"Ashe haka cikinsa yake, kamar koko," in ji Gwaggo, tana leƙen taga. "An koya maka tuƙi a irin wannan?"

"An koya, Gwaggo. Ranar jarrabawa ƙyalle aka saka min a goshi, ba na ganin komai sai agogunan nan."

"In ka ruɗe fa?"

"Sai in ɗaga ƙyallen."

Allurar agogo ɗaya ta fara juyawa. Gwaggo ta ga hannunsa ya tafi goshi, yana lalube.