Mai Yi wa Baba Hlongwane Lissafi

Baba Hlongwane ya tura rand dubu biyar, kuɗin Afirka ta Kudu, tsakiyar tebur, ko kallon katin bai yi ba. Aka buɗe: ashirin da ɗaya cif, lambar da ke cinye wasan.

Nomvula Shezi, mai sa ido a teburan karta na wani gidan caca a Durban, ta ga gidan ya sake yin asara. Shekara tara ta yi tana koyar da lissafi, don haka dabarar ba baƙuwarta ba ce: ƙaramin kati ya fita ka ƙara ɗaya, babba ya fita ka rage ɗaya. Idan adadin ya hau, manyan kati ne suka rage a akwatin da ake zarowa, a lokacin ne mai wayo ke zuba kuɗi. Kullum tana tsaye bayan mai rabon kati da bironta, tana bin kowane kati a zuci. Sati uku ke nan, adadin bai taɓa hawa tsohon ya yi jinkiri ba.

Abin haushin, tsohon dillalin shanu ne, ko takardar abinci sai an karanta masa.

"Wani ke yi masa lissafi yana ba shi alama," in ji Naicker, manajanta. "Ki kawo min shi ranar Juma'a, ko ki ajiye min aikina."

Daga nan kowa ya zama ɓarawo a idonta. Sphelele mai rabo tana yawan tari, Nomvula ta sa aka dakatar da ita, yarinyar ta fita tana kuka. Wata tsohuwa mai saƙa da ke zama a ƙarshen tebur, aka raka ta ƙofa. Mai kawo shayi ma aka mayar da shi kicin. Baba ya ci gaba da kwasa hankalinsa kwance.

"'Yata, jiya Laraba ban gan ki ba, sai na juya gida," ya ce mata ranar Alhamis. "Wasan nan ba ya daɗi in ba kya nan."

"Haba Baba, da furfurarka? Ka haifi kamata fa."

"Uku ma kuwa," ya ce yana dariya. "Duk sun fi ki fara'a."

Ta tsani dariyar nan har cikin ranta.

Safiyar Juma'a ta shiga ɗakin kyamara hannu rabbana, Naicker na zaune yana duba agogo. Ta roƙi a sake nuna mata hoton jiya a hankali. Sau huɗu ta kalla, a na biyar ta gani: kafin tsohon ya taɓa kuɗinsa, sai ya ɗan ɗaga ido sama da kafaɗar mai rabo. Ta duba na Talata, ta duba na Litinin. Wuri ɗaya yake kallo.

"Na kama shi, ranka ya daɗe!" ta ce cike da murna. "Ko wane ne, yau sai ya bar gidan nan. A faɗaɗa hoton."

Aka faɗaɗa. Can bayan mai rabo wata mace ce tsaye cikin rigar ma'aikata, idonta kafe a kan katin, kuma duk sanda adadin ya hau sai Nomvula Shezi ta kai biro baki ta ciza.