Tofin Inna

Tun da 'yan ta'adda suka yaɗa cutar da ke bin yawu, duk wanda ya yi wa wani tofi killace shi ake yi, kuma ba a dawowa.

Kubura ta kai ɗanta asibiti, jikinsa zafi rau. Na'urar ƙofa ta haska goshinsa, ta yi ja.

"Yawun wa ke kansa?" in ji ma'aikaciyar.

"Haba 'yar'uwa, addu'a ce fa."

"Ba suna, ba gado, Hajiya."

Yaron ya fara shiɗewa. Kubura ta waiwaya, ta nuna mahaifiyarta da ke gindin dalbejiya, riƙe da takalmansa.

Inna ta miƙe da fara'a, ta tarbi masu fararen kayan da suka zo killace ta.

"'Ya'yana, sun karɓe shi?"