Tiyon Maƙwabci

Sjoerd ya yi jifa da sifana, ya ɗura ashar. Tun safe yake ɓamɓare katakon daɓen jirgin ruwan da suke zaune a ciki shi da matarsa Femke, yana neman bututun da ke yoyo. Ya ɗaure wannan, ya sauya wancan, injin zuƙe ruwa na ta aiki, amma ruwan ko gezau.

"Da ka kira mai gyara," in ji Femke.

"Don Allah rufe min baki!"

Ya hau sama yana huci. Nan ya ga tiyo daga jirgin maƙwabcinsu Wiebe, wanda ke ɗaure jikin nasu, yana kwarara ruwa cikin kafar iskar jirginsu.

"Wiebe! Fito nan, tsohon banza! Nutsar da ni za ka yi?"

Wiebe ya fito sharkaf, sifana a hannu, idanu jajur.

"Ni ma kai nake nema! Tun safe nake farfasa ɗakina!"

Ya nuna gefe. Tiyon injin zuƙe ruwan Sjoerd ne ke ɗura ruwa ta tagar jirgin Wiebe. Ruwa ɗaya suka wuni suna miƙa wa juna.

Femke ta leƙo. "Sannunku da aiki. To, wa zai mayar min da daɓena?"