Bargon da Ya Ƙi Lanƙwasuwa

Ke da ba kya iya barin abu ya huta in an gama shi, zauna ki ji wannan misali.

Wata uwa ce 'yarta ta samu karatu a Jos, aka ce mata sanyin can har ƙashi yake shiga. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Uwar ta samo farin yadi don ta yi wa 'yar bargo, ta zauna da allura da zare, ta fitar da tantabaru biyu a tsakiya, furanni kewaye da su. Idon kowace ta ƙulla shi da baƙin zare, ka ce kallonka take. Da ta gama sai ta kai wa tela ya shimfiɗa auduga a ciki, ya sa shafi, ya bi da keke ya haɗe. Tela ya zagaye tantabarun da furannin da ɗinki, ya bar su sun taso gwanin sha'awa, ya ce an gama. Uwar ta latsa nan, ta latsa can, zuciyarta ta ce, to in aka wanke audugar ta dunƙule gefe guda fa? Yarinya ta kwana rabi a rufe, rabi a waje? "Malam, ƙara layi ɗaya." Ya ƙara. Ta kai bakin ƙofa, ta dawo. Tela ya ce, "Hajiya, auduga sai da iska a cikinta take ɗumi." Ta ce ai iskar ake gudu. Haka ya yi ta taka keke, tana tsaye a kansa tana nuni da yatsa, layi kan layi, a tsaye da a kwance, har ɗinki ya hau kan tantabarun.

Da aka ciro bargon aka jingina da bango, sai ya tsaya ƙyam kamar ƙyaure. Tantabaru sun koma cikin keji, ido babu ko ɗaya, zaren keke ya binne su. Ranar tafiya aka yi aka yi ya shiga jaka, ya ƙi. Uban yarinya ya danne shi da gwiwa, bargon ya miƙe ya doke shi a haɓa. Ƙarshe da wani tsohon bargon kasuwa yarinya ta tafi, uwa tana kuka a tasha. Sabon bargon kuwa yana nan a tsakar gida, kuɓewa ake shanyawa a kai. Audugar dai, a faɗi gaskiya, har yau ba ta dunƙule ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.