Mai Zuma da Masu Tsaron Gandu

A wani ƙauye na gefen daji akwai mai zuma da ya gaji amya arba'in daga mahaifinsa. A al'adar garin, bishiyar da aka ɗora wa amya ta haramta ga gatari. Ko maƙeri mai neman gawayin ƙirya, in ya ɗaga kai ya gan ta, sai ya wuce. Da zumar nan mutumin yake ciyar da gidansa duk damina, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Wata shekara sai ga ma'aikata, suka kakkafa turakun siminti, suka ce daji ya zama gandun gwamnati. Wai hayaƙin da yake korar ƙudan zuma da shi ne ke ta da gobara, don haka ya sauke komai cikin kwana bakwai, za a kawo masa akwatunan zuma na zamani. Ya dangwala yatsa a takardarsu, ya sauke amyarsa duka, amma hankalinsa bai kwanta ba. Shekara talatin yana wannan aiki, wuta ba ta taɓa tashi ta hannunsa ba. Kuma ya lura babbansu bai ko tambayi inda gobara ta taɓa ci ba, kaurin ƙirya da maɗaci kawai yake aunawa. "Mai son bishiya inuwarta yake dubawa," ya ce wa matarsa, "wannan kuwa gindinta yake kallo."

Akwatuna ba su zo ba, ƙudan zuma suka watse. Tun rani yake jin kukan injin yankan bishiya daga tsakiyar gandun. Da ya kai ƙara, aka ce gyara ake yi. Damina ta raba tsakiya, gidansa ya koma tuwo sau ɗaya a yini. Ran nan matarsa ta tsinto busassun ƙirare a bakin iyaka. Mai gadi ya ƙwace su har da igiyar, ya sa ta durƙusa yana zazzaga mata laifin kashe daji. Mijin ya iso yana ba da haƙuri ke nan, sai ga babbar mota shaƙe da buhunan gawayi ta fito daga ciki. "Baba, matsa mana," in ji mai gadin. Ya ruga ya ɗaga shinge, ya sara wa direba, sannan ya dawo ya ɗora faɗansa daga inda ya tsaya. Ranar ba a hura wuta a gidan ba. Abin da Hausawa ke cewa ke nan: an bar jaki, ana dukan taiki.