Kwanon Alhamis

Takardar korar Lubna ta kwana uku a kan teburin Farfesa Sharhabil, ba ta jiran komai sai sa hannunsa.

Laifin a fili yake. A kundinta na kammala digiri ta kawo shafi biyu a kan haƙƙin maƙwabci, ta rubuta a ƙasa cewa daga tsohon littafin rubutun kakarta ta samo su. Kwamitin ladabtarwa kuwa ya gano shafukan nan, kalma da kalma, a littafin huɗubobin shugaban jami'ar, wato Sharhabil kansa. Ga sata, ga ƙarya a kai.

Littafin ba ƙaramin abu ba ne. Shekara goma sha takwas Sharhabil ya yi yana limancin Juma'a a Badarawa, har daga Doka ake zuwa sauraron huɗubarsa. Da aka tattara huɗubobin aka buga, su suka ɗaga sunansa har ya hau kujerar nan. Wasu na cewa tun da ya sauka daga mumbari jawabinsa ya yi lami, amma an ɗora wa yawan aiki laifin.

Yanzu ma har an fara yabonsa: mutumin da ko Lubna, jikar yayarsa, bai ɗaga wa ƙafa ba. Kullum ya ji yabon sai abinci ya fita ransa.

Ranar Alhamis yayar tasa, Malama Kaltume, ta iso daga Hayin Banki. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare, ba kuskuren da ya taɓa tsallake jan bironta. Ba ta jira izinin sakatare ba. Ta dire wani kwano mai murfi a kan takardar.

Ya gane shi. Da kwanon nan take kawo masa dambu duk Alhamis a shekarun limancinsa.

"Yaya, ki zauna mana."

"Ban zo zama ba, Sharhabilu. An ce yarinyar nan ta yi ƙarya. Ta yi?"

"Ai kwamiti ne ya..."

"Kai nake tambaya."

Ya kalli kwanon.

"Ban taɓa neman komai a wurinka ba," in ji ta. "Yau ina nema. Ka tara kwamitin naka ka buɗe musu kwanon nan kafin a kira azahar. In ba za ka iya ba, na ga ƙofar ofishinsu."

Ta fita ta bar ƙofa a buɗe.

Ya daɗe kafin ya tura takardar korar gefe, ya ce da sakatare ya kira kwamiti. Sannan ya ɗaga murfin.

Babu dambu. Tsohon littafin rubutu ne, huɗubar haƙƙin maƙwabci a shafin farko, da rubutun hannun yayarsa, wanda yake tararwa a ninke ƙarƙashin murfin nan duk Alhamis, ya haddace, washegari ya hau mumbari da shi.